Daga allon aduwa zuwa ordinatar: tarihin kayan karatun ɗiyanmu da abin da za mu duba kafin mu saya

 

Tun da sakamakon bak ya fito, magana guda ce ke yawo cikin gidajen da Allah ya ba ɗiyansu sa'a. An yi murna, an yi barka, sai yaro ya matso kusa da tsohonsa ya ce: "Baba, an ce jami'a ba ta yiwuwa sai da ordinatar." Uban ya yi shiru yana lissafi cikin ransa. Buhun albasa nawa ya rage cikin rudu? A saida ragon da anka ajiye? Ko a kira yayan yaron da ke Abijan a ce ya taimaka? Uwa kuma tana tunanin adashinta. Ga gidan talaka na Bangi ko Garhanga ko Karofan, sayen kwamfutar tafi-da-gidanka ba ƙaramin abu ba ne. Sau guda ake yin shi, in an yi kuskure babu kuɗin maimaitawa.

Shi ya sa yau munka ce bari mu waiwaya, tun da waiwaye adon tafiya ne. Wagga damuwa ba yau ta fara ba. Kowane zamani da kayan karatunsa, kuma kowane zamani iyaye sun sha zufa kafin su samo su. In munka gane yadda abin ya faro, za mu fi sanin abin da za mu tambayi mai shago.

ZAMANIN ALLO DA TAKARDA

Ƙasarmu ba baƙuwar ilimi ba ce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta, nan kusa da Galmi, a 1754, kuma ya yi tattaki har Agadas don ya ɗauki karatu wajen Malam Jibril ɗan Umaru. Almajirin wancan zamani kayansa duk na gida ne. Masassaƙi ya fafe allo daga iccen aduwa, a feƙe alƙalami daga gamba, a dafa tawada da gawayi da ƙaro. In an hardace, a wanke allo a sake rubutu. Babu abin da ke lalacewa wanda ba a iya gyarawa cikin gari.

Abu guda ne ke zuwa daga nesa, shi ne takarda. Ayarin raƙuma ke ɗauko ta daga Tarabulus, ta ratso hamada ta biyo Agadas. Mafi shahara ita ce wadda ake yi a ƙasar Italiya, mai tambarin jinjirin wata uku, wanda ake gani in an ɗaga ta ga haske. Tana da tsada, shi ya sa ba a ba yaro takarda sai hannunsa ya faɗa. Wanda ke son littafi sai ya aro wajen malami, ya zauna wata da watanni yana kwafa da hannu, ya sa a tadarishi, ya rataya cikin gafaka. Malamanmu sun san takarda mai kyau da wadda ke shan tawada, sun san wadda gara ke saurin ci. Ba su saye sai sun shafa, sun ɗaga, sun gwada. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

DA LAKWAL TA ZO

Da Faransawa sunka kafu a farkon ƙarni na 20, sai ga wani karatu da nasa kaya. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda ake kamen yara da ƙarfi, iyaye na ɓoye ɗiyansu cikin rumbu, wasu masu sarauta na tura ɗiyan barorinsu a madadin nasu. Wanda ya shiga, a ba shi arduwaz da alli, in ya yi gaba a ba shi kaye da alƙalamin ƙarfe da ake tsomawa cikin ƴar kwalbar tawada da ke ramin tebur. Daga baya bik ya zo ya kori wannan duka.

Babbar makaranta kuwa babu ita cikin ƙasa baki ɗaya. Wanda ya yi zarra sai a tura shi Senegal, makarantar William Ponty, inda Bubu Hama, Jori Hamani da Jibo Bakari sunka yi karatu. Har anka samu ƴancin kai a 1960, Nijar ba ta da jami'a. Ɗan Adar da ya ci bak sai Dakar, ko Abijan, ko Faransa.

Akwai wani abin da matasa da yawa ba su sani ba. Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da sunka gwada koyarwa da na'ura. A 1964 anka fara talabijin ta makaranta, inda ake sa akwatin telebijin cikin aji, yara na kallon darasi, mai kula da su na taimaka musu. Wasu akwatunan ma da hasken rana sunka riƙa aiki, tun lokacin da mafi yawan duniya ba ta san fano ba. Yara sun koyi Faransanci da sauri, amma shirin bai game ƙasa ba, don kuɗin tafiyar da shi da kayan gyaransa daga waje suke zuwa. A ƙarshen shekarun 1970 kayan aikin sunka koma gidan telebijin na ƙasa, Télé Sahel. Darasin farko ke nan: na'urar da ba ka iya gyarawa a gida, aro ce.

JAMI'AR YAMAI DA ƘARAR MASHIN

A 1971 anka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. A 1992 anka sa mata sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar nan haifaffen Tasawa, wanda ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa kuma ya riƙe jami'ar, ya rasu a 1991. Jami'ar Musulunci ta Sayi kuma ta buɗe a 1986.

Ga ɗan Madawa, zuwa Yamai tafiyar kimanin kilomita 500 ce. A tafi da akwatin ƙarfe, da garin kuka, da ƙuli-ƙuli, da tabarmar Madawa a naɗe. Kayan karatu kaye ne da bik. Malami na faɗa, ɗalibi na rubutawa har yatsu su ƙage. Littafi guda a laburare, mutum hamsin na jiransa. Darasin da anka buga da sitansil a murza a roneyo, tawada na bin hannu, shi ne dukiya. Wanda ya kai ga rubuta memuwar sai ya nemi sakatariyar wani ofis mai mashin ɗin dakitilo, ya biya ta shafi-shafi, ta buga masa bayan an tashi aiki. In malami ya ce a sauya sakin layi guda a shafi na goma, to sai a sake buga duk abin da ya biyo baya.

Shekarun nan ba su zo da sauƙi ba. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai sunka yi maci a gadar Kennedy, anka harbe uku daga cikinsu. Burus na makara wata da watanni, an soke shekarun karatu. Ranar da anka karya darajar sefa da rabi, cikin Janairun 1994, duk abin da ke zuwa daga waje kuɗinsa ya ninka, har littafi da takarda. Daga nan fotokofi ya zama sarki. Yayyenmu da sunka yi karatu lokacin suna cewa abin da sunka kashe wajen mai fotokofi ya fi abin da sunka kashe ga tufafi.

YADDA KWAMFUTA TA RAGE NAUYI

Lokacin da ake wanga fama a nan, can Amurka wata tafiya ta fara. A 1981 anka fitar da Osborne 1, wadda ake lissafawa cikin kwamfutocin farko da mutum ke iya ɗauka ya yi tafiya. Nauyinta ya kusa kilo 11, fuskarta ba ta fi tafin hannu ba, ba ta da batir a ciki, kuɗinta dala 1,795 na Amurka. A 1985 kamfanin Toshiba na Japan ya fito da T1100 mai kimanin kilo 4, mai aiki da batir. Apple ya kawo PowerBook a 1991, IBM ya kawo ThinkPad a 1992. ThinkPad ɗin nan ita ce kamfanin Lenovo na ƙasar Sin ya gada a 2005, ita ce kuma baƙar nan mai jan ɗigo a tsakiya da muke gani yau a shagunan Tawa da Maraɗi.

Mu nan yankin, kwamfutar farko da mafi yawanmu munka gani ba ta ɗalibi ba ce. Ta ofis ce, ta ma'aikatan furoje. Aikin dashen itatuwan kare iska na kwarin Magiya ya fara wajajen Buza a 1975, babban Furojen Kaita da Italiya ta ɗauki nauyi ya fara a 1984, ƙungiyoyin agaji kuma sun cika Madawa lokacin yunwar 2005. Cikin irin waɗannan ofisoshi ne munka riƙa leƙen wani akwati mai fuskar telebijin, an lulluɓe shi da zane saboda ƙura, ba mai taɓa shi sai mutum guda.

Intanet ta shigo Nijar a rabin ƙarshe na shekarun 1990 ta hannun SONITEL, ta layin tarho, a Yamai. Salula ta bazu bayan zuwan Celtel a 2001, wanda ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Sai zamanin siba ya kama. Ɗalibi ya biya kuɗin awa guda, rabinta ya ƙare yana jiran shafi ya buɗe. Ya sa aikinsa a disket, ya iso gida disket ta ƙi buɗewa. Da kile ta zo munka ce an huta, ashe ita ke yawo da birus daga wannan mashin zuwa wancan.

JAMI'A TA ISO GIDA

A 2008 cibiyoyin koyon fasaha na jami'a, IUT, sunka fara aiki a Tawa, Maraɗi da Damagaram. A 2010 anka mai da garuruwan uku masu cikakkar jami'a. A 2014 anka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Ta Tawa yau tana ɗauke da sunan Farfesa Jibo Hamani, masanin tarihin da ya rubuta littafi a kan Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975. Ɗan Kaita da a da sai ya kwana bisa hanya, yanzu tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba ke raba shi da ajinsa. Gidaje da yawa da ba su yarda ɗiya mace ta tafi Yamai sun yarda ta tafi Tawa.

Tare da haka salon karatu ya sauya. Tsarin LMD, wato lisans, masta da dokta, yana ɗora wa ɗalibi aikin kansa mai yawa. Malami ya turo darasi a PDF cikin gurup na WhatsApp, a ce a yi ekspoze a haska a bango, rahoton staj da memuwar kuma dole a buge su. Da cutar korona ta sa anka rufe makarantu cikin Maris na 2020, kowa ya ga bambancin mai na'ura da marar ita. Don haka in yaro ya ce yana bukatar ordinatar, ba ƙarya yake ba. Salula na isa a karanta darasi, amma ba a rubuta shafi sittin da babban yatsa.

ALKAWARIN KWAMFUTA MAI ARAHA

Duniya ta sha yin mafarkin raba wa ɗiyan talakawa kwamfuta. A taron Tunis na Nuwamban 2005, Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya nuna wata ƴar koriyar kwamfuta da ya ce za a saida dala 100, tare da Kofi Annan, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin. An gwada ta a wata firamare ta Galadima kusa da Abuja a 2007, Ruwanda ta saya da yawa. Amma kuɗinta bai taɓa sauka zuwa dala 100 ba, kuma wurare da dama in ta lalace ba mai gyara.

A Kamaru, shugaba Paul Biya ya yi shelar raba kwamfutoci 500,000 ga ɗaliban jami'a a 2016, anka fara rabo a ƙarshen 2017. Da sunka iso hannu, sai ɗalibai sunka tarar ma'ajiyarsu giga 32 ce kacal. Windows kaɗai ta cinye mafi yawan wurin. Hayaniya ta tashi cikin jaridun ƙasar. Darasi na biyu ke nan: sabuwa fil a kwali ba ita ce mai kyau ba, abin da ke cikinta shi ne magana. Araha ba ta ado.

WUTA ITA CE UWAR TAFIYA

Ba a maganar kwamfuta a ƙasarmu a bar maganar wuta. An kafa Nigelec a 1968, kuma shekara da shekaru mafi yawan wutar da muke sha daga Najeriya ta riƙa zuwa. Tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a ƙarshen 2018, ta taimaka. Amma duk mun tuna watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido ba sai cikin Maris na 2024. Ɗaliban da ke rubuta memuwar a watannin nan sun san darajar batir. Mai kwamfutar da ke riƙe caji awa huɗu ya yi aikinsa da dare, wanda tasa ke mutuwa da an zare waya sai yawon neman inda janareta ke kuka. A ƙauyukanmu da yawa kuwa har yau fano ne kaɗai madogara in an zo hutu.

Mun ga wani yaro na yankin nan da idonmu. Ubansa ya saida albasar da ya ajiye tun rani, anka aika wa wani a birni ya sayo. Aka kawo mashin babba mai walƙiya, kowa na sa albarka. Ba wanda ya buɗe ya duba cikinta. Batir ba ya kai minti ashirin, dis ɗin tsohon yayi ne mai juyawa. Ana saura mako uku ya ajiye memuwar, ta faɗo daga kan gado, dis ya tafi da aikin wata bakwai. Bai da kwafi ko'ina. Sai da ya ƙara shekara. Uban bai ce komai ba, amma duk wanda ya san abin da noman albasa ke ci na ban ruwa da taki ya san abin da ke ransa.

TO, MI ZA MU DUBA?

Tambayar farko ba "wace iri ce" ba, "mi yaron zai karanta" ce. Mai karatun shari'a, tattalin arziki, gudanarwa ko aikin koyarwa, kamar yadda ake yi a Tawa, aikinsa rubutu ne da lissafin Excel da karanta PDF. Matsakaiciya ta ishe shi. Mai karatun gine-gine, ma'adinai ko taswira, kamar ƴan EMIG a Yamai, zai yi aiki da manhajoji masu nauyi irin AutoCAD, shi yana bukatar mai ƙarfi. In yaro bai tabbata ba, ya yi haƙuri ya shiga aji tukuna, ya tambayi na gaba da shi. Watan farko ba a korar kowa don ba shi da ordinatar.

Na biyu, shekarun injin. Mafi yawan abin da ke kasuwarmu okaziyo ne, kayan da ofisoshin Turai da Amurka sunka sauke, sunka biyo ta Kwatano, Lome ko Legas, wasu ta titin Beirut na Kano. Wannan ba aibi ba ne. Tsohuwar mashin ɗin ofis irin su ThinkPad, Latitude ko EliteBook sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙwari. Amma kada a ruɗe mu da "Core i5" ko "Core i7" kawai, don akwai i7 da ta haura shekara goma. A tambayi janarasiyo. Lambar da ke bin sunan ita ke faɗa: i5-8250U zubi na takwas ce, i5-4300U zubi na huɗu. Abin da ya sa wannan ke da muhimmanci, Microsoft ya sa ranar 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 a ƙa'ida tana son zubi na takwas zuwa sama. Mai shago na iya tura ta da dabara cikin tsohuwar mashin, ka ga fuska sabuwa, ciki tsoho.

Na uku, ram da ma'ajiya. Ram kamar faɗin tabarmar da kake baza aiki ne, ma'ajiya kuma rumbu. Ram giga 8 shi ne daidai ga yawancin ɗalibai, masu zane da taswira su nemi 16. Giga 4 za ta yi ta saɓo. Ma'ajiya a nemi SSD, ko da giga 256 ce. Ta fi tsohon dis mai juyawa sauri nesa ba kusa ba, kuma ta fi jure girgizar hanya, wanda duk mai hawa kabu-kabu daga Buza zuwa Tama ya san abin da muke nufi. Kada babbar lamba ta ja mu: tsohon dis mai giga 500 bai kai SSD mai 256 amfani ba. A sa mai shago ya buɗe bayanan mashin a gani da ido, kada a tsaya ga takardar da anka liƙa a jiki.

Na huɗu, batir da caja. A cika ta, a zare waya, a kunna bidiyo rabin awa ana zaune cikin shagon, a ga nawa ta sauka. In mai kaya ya ƙi, a tashi. A duba ko batir ya kumbura ya ɗaga maɓallai. A tambaya ko ana samun irinsa a Tawa, Ƙwanni ko Maraɗi. Cajar mashin ɗin ofis wat 45 zuwa 65 take ci, fanon gida na iya ɗauka. Manyan nan na wasan gem masu fitilu kala-kala cajarsu na haura wat 150, ga nauyi, ga shan batir. Yaro zai so su, amma ba don karatu ba.

Na biyar, kilabiye. Wanga abu ne da ƴan uwanmu na ƙetaren iyaka ba su damu da shi ba, mu kuwa dole. Mashin da ta biyo ta Najeriya ko Amurka jerin haruffanta QWERTY ne, babu é, è, ç da à a kai. Wadda ta fito Faransa AZERTY ce. Mai rubuta memuwar da Faransanci zai fi jin daɗin ta biyu. Ana iya sauya tsarin daga ciki, a liƙa ƴan takardun haruffa, amma gara a sani tun kafin a biya. Mai tafiya Sayi ko wata makarantar Larabci ya nemi mai haruffan Larabci, mai tafiya Sakkwato ko Zariya QWERTY ta yi masa. A buɗe shafin rubutu a danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. A gwada kyamara, lasifika, wifi da duk ramukan kile.

Na shida, a yi hattara da masu kulle. Akwai mashin da ke zuwa da kalmar sirri ta kamfani ko makarantar da ta fito, ba ta buɗuwa duka. Akwai kuma Chromebook, ƴar sirit mai araha, wadda anka yi don inda intanet ba ta yankewa, kuma ba ta ɗaukar manhajojin Windows da malamai ke nema. Ita ma MacBook kyakkyawa ce, sai dai a tambayi kai wa zai gyara ta kusa, kuma nawa.

Na bakwai, kada a yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ba shaida ba ne. In ɗan uwa ne zai sayo daga Abijan ko Aljeriya, a tura masa waɗannan sharuɗɗa a rubuce. In a gida ne, a tafi da wanda ya san kan abin, a karɓi rasit mai lambar mashin, a yi yarjejeniyar kwanakin gwaji gaban shaida. Kuma kada a zuba kuɗin duka ga mashin. A rage na jaka mai kauri, da kile, da abin kare ta daga hawa da saukar wuta.

Ku kuma ɗiyanmu, amana ce anka ba ku. Zafin watan Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu na toshe fanka. Kada a aza ta bisa katifa ko bargo, a nemi katako ko tebur. A kai ta a busa mata ƙura lokaci-lokaci. Aikin da ka rubuta ka ajiye shi wuri uku: cikin mashin, cikin kile, ka kuma tura wa kanka ta imel duk ranar da ka samu rizo. Ba a cika ta da fina-finai har darasi ya rasa wuri. Ba kowa ake ara wa ba. Kuma in gida na da ɗiya mace da namiji duk a jami'a, kada a ce namiji ne kaɗai zai riƙe, ita ma memuwar guda za ta rubuta.

Wanda gidansu ba su da hali bana, kada ya karaya. Yayyenmu sun fito da kaye da bik da mashin ɗin dakitilo na haya, yau su ne likitoci da alƙalai da malaman jami'a. A haɗa kai mutum biyu ko uku ƴan gari guda, a yi amfani da ɗakin kwamfuta na makaranta, a tara a hankali har shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da bukatar ta fi tsanani. Ƙungiyoyin ƴan asalin garuruwanmu da ke birane da ƙasashen waje, ga wurin da taimakonku zai yi amfani: mashin biyar masu kyau a hannun ƙungiyar ɗaliban gari sun isa su fidda yara da yawa.

Kakanninmu ba su sayen takarda sai sun ɗaga ta ga haske sun ga tambarin wata uku. Mu ma kada mu ba da kuɗin albasarmu sai mun buɗe mun gani. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa tsohon da bai iya boko ba, don shi ne zai fidda kuɗin.

Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, ya sa albarka ga guminmu, ya ba mu damina mai kyau da zaman lafiya a Adar da Nijar baki ɗaya. Mu kwana nan, sai wani jiƙon.